Ma'anar "Weimar" da kuskuren da ake yi a kanta

Da zarar farashin kaya ya tashi ko siyasa ta ɗau zafi a wata ƙasa, sai ka ji mai sharhi a rediyo ya ce "an kama hanyar Weimar". Abin da yake nufi shi ne kuɗi zai zama takarda, daga nan kuma ɗan kama-karya ya hau mulki. Rabin maganar gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa ya karkace.

Weimar ƙaramin gari ne a jihar Thuringia ta Jamus. A gidan wasan kwaikwayo na garin majalisar tsara kundin tsarin mulki ta fara zama ranar 6 ga Fabrairu 1919, saboda Berlin na fama da tarzoma a lokacin. Shugaba Friedrich Ebert ya sa wa kundin hannu ranar 11 ga Agusta. Daga nan aka samo laƙabin Jamhuriyar Weimar, wadda ta rayu har 1933. Babban birni bai taɓa barin Berlin ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake haɗe masifu biyu a mayar da su ɗaya. Gajerun finafinan da gidajen adana kayan tarihi ke nunawa kan wannan zamani ma suna iya jefa mai kallo cikin wannan ruɗani, domin mintuna kaɗan gare su. Za ka ga baro shaƙe da takardun kuɗi, yara suna gina dala da ɗaurin kuɗi, wata mata tana hura murhu da su. Kafin ka kifta ido sai ga 'yan Nazi suna fareti. Mai kallo ya fito yana ganin wannan ne ya haifi wancan kai tsaye, alhali shekara tara ce a tsakani.

Hotunan baro na 1923 ne. Jamus ta ci bashi ta yi Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya fara a 1914, aka ɗora mata diyya bayan ta sha kaye. A Janairun 1923 sojojin Faransa da Beljiyam suka mamaye yankin masana'antu na Ruhr, ma'aikata suka shiga yajin aiki, gwamnati ta riƙa buga kuɗi tana biyansu. Dalar Amurka ɗaya, wadda take mak 4.20 (mak shi ne kuɗin Jamus na lokacin) a 1914, ta kai mak tiriliyan 4.2 a Nuwamban 1923. Ma'aikaci na karɓar albashi ya ruga kasuwa kafin farashi ya sake sauyawa. Masana tattalin arziki ba sa kiran hauhawar farashi da suna "hyperinflation", wato hauhawar da ta wuce kima, sai ta kai kashi 50 cikin 100 a wata guda. A wata fa, ba a shekara ba. Wannan kaɗai ya isa ya rushe yawancin kwatancen da ake yi a iska.

An kashe wutar ne da sabon kuɗi, Rentenmark, ranar 15 ga Nuwamba 1923, guda ɗaya a madadin tsohon mak tiriliyan ɗaya. A wannan watan Hitler ya gwada juyin mulki a Munich, ya faɗi, aka ɗaure shi. A zaɓen 1928 jam'iyyarsa ta Nazi kashi 2.6 kacal ta samu.

Masifar da ta ɗaga shi kishiyar ta farko ce. Bayan rushewar kasuwar hannayen jari ta New York a 1929, bashin da Jamus ke samu daga Amurka ya ƙafe. Shugaban gwamnati Heinrich Brüning ya tsuke bakin aljihu: ya rage albashi da tallafi, ya ƙara haraji, yana mulki da dokokin gaggawa a ƙarƙashin sashe na 48 na kundin tsarin mulki, ba tare da rinjaye a majalisa ba. Farashi faɗuwa ya riƙa yi, masana'antu suna rufewa. Tabbas raɗaɗin 1923 bai bar zukatan waɗanda ajiyarsu ta salwanta ba, kuma tsoron maimaita shi yana cikin abin da ya ɗaure hannun gwamnati. A farkon 1932 marasa aikin yi sun haura miliyan 6. 'Yan Nazi suka samu kashi 18.3 a Satumban 1930, sai 37.3 a Yulin 1932, lokacin da mak ke da daraja amma ba ya hannun mutane. Ko a nan ba su yi rinjaye ba. Shugaba Hindenburg ne ya naɗa Hitler ranar 30 ga Janairu 1933, bisa shawarar 'yan mazan jiya da suka ɗauka za su iya juya shi.