Ba Sai Gwanin Lissafi Ke Koyon Python Ba

Matasa da yawa a unguwannin Nima da Mamobi na Accra sun ɗauka sai gwanin lissafi ke iya rubuta manhaja. Sam! Tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa sun ishi mai farawa. Ƙananan ƙa'idoji ne ke kayar da mutum.

A Python, harshen rubuta manhaja, input() ne ke karɓar abin da mutum ya shigar, kuma duk abin da ya karɓa rubutu ne, ba lamba ba. Ka haɗa "2" da "3", sai ka ga "23". Saka kowanne cikin int(), mai mayar da rubutu lamba, tukuna, ka samu 5. Layin da ke ƙarƙashin if (kalmar gindaya sharaɗi) kuma, tura shi ciki da tazara 4. Ka bar shi a bakin layi, saƙon kuskure na IndentationError zai fito.

Tsohuwar kwamfuta mai RAM 4GB ta wadatar, ko wayar Android da manhajar Pydroid 3 ta rubuta Python.