Daga Ga Rural zuwa Madina: yadda aka yi ta yanka mazaɓar ƙauye har birni ya haɗiye ta

Duk lokacin da aka tayar da zancen yawan 'yan majalisa a Gana, mutanen Madina, garin da ke gefen birnin Accra, rabuwa suke yi gida biyu. Wasu na cewa kujeru 276 sun yi wa ƙasa yawa, albashi da motoci da kuɗin sallama duk daga aljihun talaka suke fita, don haka a tsaya nan. Wasu kuma, musamman masu 'yan uwa a Dome da Taifa da Kwabenya, unguwannin mazaɓar Dome-Kwabenya da ke maƙwabtaka da mu, cewa suke yi a ƙara tsagawa, domin babu adalci mutum guda ya wakilci jama'ar da a wani yanki 'yan majalisa biyu ko uku ne ke wakiltarta. Ana wannan gardama a wurin shan shayi a Zango, ana yi a rediyo, ana yi a cikin trotro, wato ƙananan motocin haya. Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Sai dai da wuya ka ji wanda ya tuna cewa ƙasar da muke zaune a kanta mazaɓar ƙauye ce a da, kuma yadda aka yayyanka ta shi ne asalin gardamar.

A zaɓen 1954, lokacin da majalisar Gold Coast, wato Gana kafin samun 'yanci, ke da kujeru 104, ƙauyukan ƙabilar Ga da ke bayan birnin Accra suna da mazaɓarsu mai suna Ga Rural. Ita ce ta zaɓi Mabel Dove, 'yar jarida, a ƙarƙashin tutar jam'iyyar CPP, ta zama mace ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar ƙasar nan. Manoman rogo da masara ne suka yi wannan. A lokacin Abokobi, garin da mishan na Basel suka zauna tun 1854, tsohon gari ne mai coci da makaranta, Madina kuwa ko tubali ɗaya ba a aza ba. Sai a 1959 Alhaji Seidu Kardo ya jagoranci jama'ar da aka tayar daga kusa da filin jirgin sama suka sauka a ƙasar masarautar La, suka sa wa wurin sunan birnin Manzon Allah (SAW). Abin da ya biyo baya kowa ya sani: juyin mulki a 1966, majalisa mai kujeru 140 a 1969 da 1979, soja a tsakani, sannan kundin tsarin mulkin 1992 da kujeru 200.

A duk tsawon wannan lokaci, a idon hukuma yankin ƙauye ne. Da aka kafa gundumomi 110 a ƙarshen shekarun 1980, an zuba wannan faffaɗar ƙasa cikin gunduma guda, gundumar Ga, hedikwatarta a Amasaman. Mai shago a kasuwar Madina da ke neman takarda sai ya yi tafiya zuwa can. Amma jama'a ba ta jira hukuma ba. Haya ta yi tsada a unguwannin Nima da Mamobi da New Town na cikin Accra, masu iyali suka yi ta fitowa suna sayen fuloti. Jami'ar Legon na kusa, hanyar Aburi da ta Dodowa sun ratsa wurin, kasuwa ta bunƙasa. Gonaki suka koma gidaje, sunan gundumar kuma bai canza ba.

Shekarar da ya kamata a tsaya a kanta ita ce 2004, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Mutane suna tuna ta da zaɓen shugaban ƙasa, suna mantawa da abu biyu da suka faru tare. An ƙara gundumomi daga 110 zuwa 138, an kuma ƙara mazaɓu daga 200 zuwa 230. A nan wajenmu aka raba tsohuwar gundumar Ga gida biyu, Ga ta Yamma a Amasaman, Ga ta Gabas a Abokobi. Sababbin mazaɓu suka fito, ciki har da Dome-Kwabenya da Abokobi-Madina. An yi murna, kuma murnar tana da dalili, domin hukuma ta matso kusa da mutane.

Amma daga wannan shekara ne taswirar gunduma da taswirar mazaɓa suka fara tafiya kafaɗa da kafaɗa a idon jama'a, kuma akwai abin da ya ɗaure su. Sashe na 242 na kundin tsarin mulki ya sa ɗan majalisa cikin majalisar gundumarsa, yana zama ko da ba ya jefa ƙuri'a. Saboda haka ƙa'idar da ake bi ita ce kada mazaɓa ɗaya ta faɗa cikin gundumomi biyu. Ke nan duk ranar da aka yanki sabuwar gunduma daga tsakiyar wata mazaɓa, an buɗe ƙofar sabuwar kujera, ko da mutanen wurin ba su kai rabin na wata mazaɓar ba. Gunduma kuwa kowa na sonta, kuma ba a banza ba. Sashe na 252 ya ce a ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa a raba wa gundumomi. Wanda ya sami gunduma ya sami kason wannan asusu, ya sami ofisoshi da ma'aikata, ya sami shugaban gunduma a garinsa. Sarakuna sun nema, ƙungiyoyin matasa sun nema, mu ma mutanen zango mun nema, kuma babu wanda ya yi laifi da ya nema.

Shi kuwa sashe na 47, wanda ya yi magana a kan mazaɓu, da yawan jama'a ya fara. Ya ce a raba adadin mutanen ƙasa da adadin mazaɓu, kowace mazaɓa ta kusanci wannan ma'auni iya gwargwado. Sannan ya ba da rangwame: a duba hanyoyin sufuri, yanayin ƙasa, cunkoso, faɗin wuri, da iyakokin mulki da na gargajiya. Rangwamen yana da hikima. Wanda ya taɓa bin hanyoyin Afram Plains, yankin karkara mai faɗi, da damina ya san ɗan majalisar can ba zai iya zagaya ƙasarsa kamar na Ayawaso da ke cikin Accra ba. Abin da ya faru, a ganina, shi ne a hankali rangwamen ya girmi ƙa'idar, iyakar gunduma ta zama ita ce ke jan ragama, yawan mutane ya biyo baya.

Abokobi-Madina zaɓe biyu kawai ta yi a duniya, na 2004 da na 2008, kuma Alhaji Amadu Sorogho na jam'iyyar NDC ne ya ci duka. Mazaɓa ce mai fuska biyu, gari mai cunkoso da masallatai da tasha a gefe guda, ƙauyuka masu gonaki da rijiyoyi a ɗaya gefen. Mai neman ƙuri'a sai ya yi maganar kwata da shara a Zango da safe, ya yi maganar filin noma da ruwan sha a ƙauye da yamma.

A 2012 aka maimaita abin da ƙarfi. Gundumomi, da tuni sun ƙaru zuwa 170, suka tashi zuwa 216, mazaɓu daga 230 zuwa 275, ƙarin 46 a can, 45 a nan. Sai da maganar ta kai Kotun Ƙoli kafin a yi zaɓe da sababbin kujerun. Madina ta sami gundumarta, La-Nkwantanang-Madina, ta kuma sami mazaɓa da sunanta ita kaɗai. Sorogho ya sake ci a 2012, Boniface Abubakar Saddique na jam'iyyar NPP ya karɓa a 2016, Francis-Xavier Sosu na NDC ya ci a 2020 da 2024. Abokobi kuwa, da yake ita ce hedikwatar Ga ta Gabas, sai ta koma cikin Dome-Kwabenya, mazaɓar da ta riga ta cika maƙil. An sauke wa raƙumi ɗaya kaya an ɗora wa wanda ya riga ya durƙusa.

Ƙidayar 2021 ta nuna inda aka kwana. Mutanen Gana miliyan 30.8 ne, wato idan an raba da kujeru, kowane ɗan majalisa zai tashi da kusan mutum dubu 112. Ga ta Gabas tana da sama da dubu 280, La-Nkwantanang-Madina sama da dubu 240, kowacce da ɗan majalisa guda. Yankin Greater Accra da na Ashanti kusan kunnen doki suke, kowanne da mutum miliyan 5.4, amma Ashanti na da kujeru 47, Accra na da 34. Kujera ta 276 ma ta wannan hanya ta zo. Mutanen Santrokofi da Akpafu da Lolobi da Likpe sun shafe majalisar da aka zaɓa a 2020 babu wakili bayan an mayar da su yankin Oti, sai da aka kafa gundumar Guan a 2021, sannan mazaɓar ta biyo baya a zaɓen 2024.

Shi ya sa nake ganin masu cewa a rufe ƙofa a 276 da masu cewa a tsaga Dome-Kwabenya duk rabin maganar suka riƙe. Idan an rufe adadi ba tare da an sake zana iyakoki bisa yawan jama'a ba, ƙuri'ar mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Madina za ta ci gaba da yin rabin nauyin ta wani. Idan kuma an bar ƙofa a buɗe yadda take, kujerun za su ci gaba da zuwa inda aka kafa gunduma, ko da cunkoson yana wani wuri. Sake zana iyaka kuwa yana nufin wasu ƙananan mazaɓu su haɗe, abin da babu garin da zai karɓa da daɗin rai. A halin yanzu 'yan Nima da Mamobi suna ta sayen fuloti a Oyarifa da Teiman da Danfa, ƙauyukan da suka rage a gefen mazaɓar Madina, kuma sashe na 47 ya ce a sake duba iyakoki bayan kowace ƙidaya.