Baƙon kaya a wasannin bidiyo masu buɗaɗɗiyar duniya

Baƙon kaya shi ne makami, sutura ko abin hawa wanda asalinsa na wani wasan bidiyo ne, amma aka ɗauko shi aka ɓoye a cikin wani wasa daban, sai ɗan wasa ya cika wasu sharuɗɗa kafin ya mallake shi. An fi samunsa a wasanni masu buɗaɗɗiyar duniya, wato waɗanda ake sakin mutum a cikin ƙasa mai faɗi, da birane da dazuzzuka da duwatsu, ya nufi inda ya ga dama ba tare da an ɗaure shi a kan hanya ɗaya ba. Faɗin ƙasar ne yake ba ɓoyon armashi, domin mutum na iya gifta wurin da akwatin yake sau ɗari bai san da shi ba.

Ya kamata a bambanta shi da abubuwa biyu da ake yawan haɗa shi da su. Na farko su ne lambobin sirri da ake dannawa a hannun gem don a sami makami ko mota nan take. Na biyu su ne rigunan da ake saye da kuɗi a wasannin waya irin su Free Fire da PUBG Mobile. Baƙon kaya na ɓoye ba a danna shi, ba a kuma sayensa. Nemansa ake yi.

Dalilin saka shi

Talla ce, ko da yake talla ce mai daɗin sha. Kamfani yana da sabon wasa a hanya, sai ya jefa wani abu nasa cikin tsohon wasan da mutane suka riga suka saba da shi. Wani lokaci kuma kamfanoni biyu ne suke musayar kaya. Ƙarshen shekarar 2017 ya isa misali, domin tsakanin Nuwamba da Disamba manyan wasanni huɗu sun karɓi irin wannan baƙo.

Jajayen taurari uku

The Legend of Zelda: Breath of the Wild na kamfanin Nintendo ya fito a watan Maris na 2017. A watan Nuwamba aka sabunta shi kyauta, aka saka masa suturar Rex, jarumin Xenoblade Chronicles 2, wasan da ya fito ranar 1 ga Disamba. Kamfanin da ya ƙera shi, Monolith Soft, yana cikin waɗanda suka taya aikin Zelda ɗin, don haka abin na gida ne.

Suturar kashi uku ce: hula, riga da wando. Wasan bai nuna wurarensu a taswira ba, sai dai ya ba da alamu uku masu kama da kacici-kacici. Ta farko ta ce a dubi kudu daga tsakiyar gada mafi girma, wato gadar Hylia. Ta biyu ta ce a dubi gabas daga idon hagu na ƙoƙon kai, wani tafki ne a yankin Akkala wanda in an hango shi daga sama siffar ƙoƙon kan mutum gare shi. Ta uku ta ce a dubi kudu maso gabas daga ƙololuwar dutsen ƙanƙara mai huji, wato Hebra, inda sanyi ke cin ran jarumi in bai sa kayan ɗumi ba.

Zuwa wurin kaɗai bai isa ba, sai dare ya yi. Yini guda a wasan minti 24 ne a agogonmu, kuma wanda ba ya son jira zai iya hura wuta ya zauna gefenta har duhu ya shiga. Daga nan jar tauraruwa za ta tsinko daga sama, sai a bi inda ta faɗi a tarar da akwati. Amfanin kayan bai taka kara ya karya ba, saurin ninƙaya kawai suke ƙarawa. Daɗin yana cikin tsayuwar nan a kan gada, ido a sama.

Bindigar Los Santos

Kamfanin Rockstar, mai wasannin GTA, ya fi kowa tsawaita abin. A Disambar 2017 ya saka wata tsohuwar ƙaramar bindiga mai ruwan zinari a cikin GTA Online, ɓangaren GTA V da ake bugawa ta intanet a birnin Los Santos na cikin wasa, don tallar Red Dead Redemption 2 wanda bai fito ba sai 26 ga Oktoban 2018. Saƙo ne yake shigowa wayar ɗan wasa da hoton wani wuri, ɗaya daga cikin wurare 20. In ya gano shi zai tarar da takarda a manne, ita kuma ta tura shi wurare uku: gawa a cikin kogo, shebur a bakin ruwa, da akwatin bindiga babu komai a ciki. Sai an zaga su duka sannan a nuna inda bindigar take. Wanda ya harbi abokan gaba 50 a ka da ita yana samun dala 250,000 na cikin wasa, kuma bindigar za ta buɗe masa a Red Dead Redemption 2, muddin asusunsa na Rockstar ɗaya ne. A 2018 aka maimaita dabarar da gatarin dutse.

Sauran biyun sun fi sauƙi. Skyrim da ya sauka a kan na'urar Nintendo Switch ya zo da takobi da garkuwa da rigar jarumin Zelda, a cikin akwati a kan dutse mafi tsayi na ƙasar. Shi kuwa Assassin's Creed Origins, wanda labarinsa ke gudana a tsohuwar Masar, ya aro kaya daga Final Fantasy XV: wanda ya warware sirrin wani agogon rana kusa da dalar Meidum yana samun takobi, garkuwa, da wani raƙumi mai suna Kweh da aka yi wa siffar tsuntsu. Mutumin Maigatari da ya san raƙumi tun yana goye zai daɗe yana kallon wannan halitta.

A karkarar Kano da Jigawa

A garuruwa irin su Gaya, Bichi, Ringim da Gumel da ƙauyukan da ke kewaye da su, yawancin yara a gidan gem suke sanin wasan bidiyo: ɗaki guda, benci, talabijin biyu ko uku, janareta ko sola a waje. Ƙwallo ce sarauniya a nan, sai GTA a bayanta, musamman San Andreas na 2004 wanda har a waya ake buga shi. Wannan tsari bai yi wa baƙon kaya daɗi ba. Neman sa yana son abubuwa uku da suka yi ƙaranci: intanet da za a sabunta wasa, ajiya ta mutum ɗaya da wani ba zai goge ba, da kuma lokaci. Yaron da ya biya kuɗin ɗan zama ba zai ƙarar da shi yana jiran tauraruwa ba. Yana cikin hawan dutse za a ce masa lokaci ya cika, ya ce «Yaya, don Allah minti biyar», na bayansa kuma ya riga ya miƙo hannu. In wuta ta ɗauke kafin a ajiye, duk wahalar ta bi ruwa.

Akwai kuma matsalar na'ura. GTA V ya fito a 2013 a kan PlayStation 3, amma bindigar zinaren ba ta taɓa isa can ba, domin an daina kai wa tsofaffin na'urori sababbin abubuwa tun 2015, kuma a Disambar 2021 aka rufe musu GTA Online gaba ɗaya. Mai PlayStation 3 zai iya zaga Los Santos har janareta ya shanye mai, saƙon ba zai shigo ba.

Inda abu ya yi wuyar gani, labari yakan cike gurbinsa. Yara suna kallon bidiyon yadda ake buɗe kayan a YouTube ko TikTok, su tura wa juna ta Xender a shagon caji, galibi ba tare da sanin ko na wace na'ura ba ne. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne wasannin da aka yi wa kwaskwarima, waɗanda ake loda wa mutane a kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano. A cikinsu mutum zai ga jarumin wani wasa yana yawo a titin San Andreas, ya rantse ɓoyayyen abu ya gano, alhali wani ne can ya cusa shi, ba kamfanin ba. Tsohuwar jita-jitar nan ta wani dodo mai gashi da ke cikin dajin San Andreas ma haka take: babu shi a ainihin wasan, masu kwaskwarima ne suka saka shi daga baya.

Hanyar tantancewa ba ta da wuya. Baƙon kaya na gaske yana zuwa ne tare da wasan kansa ko sabuntawar da kamfani ya sanar, kuma duk wanda ya bi matakan a kan na'urar da ta dace zai same shi. Wanda kuwa yake fitowa a talabijin ɗaya tak a duk faɗin gari, tun ranar da aka kunna, daga wurin mai lodi ya zo.