Bututun Hiliyam a Injin CERN: Tambayoyi da Amsoshi

Hira da wasu matasa masu koyon walda da aikin famfo a nan Bauchi ce ta kai mu ga injin cibiyar binciken kimiyya ta Turai, wato CERN, wanda ke kusa da birnin Jeniba, kan iyakar Suwizalan da Faransa. Rami ne a ƙarƙashin ƙasa, zagayensa kilomita 27, inda ake sa ƙwayoyin zarra gudu har su yi karo. Bututunsa ne ya fi ɗaukar hankalinsu.

Me ya haɗa wannan inji da sanyi?

Maganaɗisu. Akwai manya guda 1,232 masu lanƙwasa hanyar ƙwayoyin, kowanne tsawon mita 15. Wayoyinsu na ƙarafan niyobiyam da titaniyam ne. In sun yi sanyi ƙwarai, wuta kusan amfiya 12,000 takan ratsa su ba tare da sun ɗau zafi ba. Ana riƙe su a digiri 271.3 ƙasa da sifiri, sanyin da ya wuce na sararin samaniya. Hiliyam, wata iska marar nauyi da ake mayarwa ruwa, shi ake turawa cikin bututun don sanyaya su.

Don me sai hiliyam?

Kafin a kai wannan sanyi, kowace iska ta daskare, ban da shi. Masanin kimiyya Heike Kamerlingh Onnes ne ya fara mai da shi ruwa a birnin Leiden na ƙasar Holan a 1908. Da ya kai wajen digiri 271 ƙasa da sifiri sai halinsa ya sake: yana kwashe zafi nan take, yana kuma bi ta kafar da ido ba ya gani. Amfaninsa ke nan, wahalarsa ke nan. Injin yana ɗauke da kimanin tan 120 na hiliyam.

Yaya ake hana zafi shiga?

Dabarar filas ɗin shayi ce. Ana zura bututun cikin wani babba, a zuƙe iskar tsakaninsu, a naɗe shi da takardu masu ƙyalli.

Ƙarfen ba ya tsukewa?

Wannan tambayar ta faranta mini rai, don sai wanda ya taɓa riƙe ƙarfe yake yin ta. Kun ga yadda wayar lantarki ke saki a zafin Afrilu, ta ɗaure lokacin hunturu? To a can kowace mita tana raguwa da kamar milimita 3. An raba injin kashi takwas, kowane kashi kilomita 3.3, yana tsukewa da kusan mita 10. In aka yi walda sandararriya daga farko har ƙarshe, tsagewa za ta yi. Shi ya sa ake sa mahaɗai masu ninki kamar zugazugin maƙeri, su miƙe su koma. Ƙarfen ma ba kowanne ba: gama-gari yakan yi gautsi a sanyi, sai wanda ba ya tsatsa.

An taɓa samun ɓarna?

An taɓa. Ranar 19 ga Satumba 2008, kwana tara da kunna injin, mahaɗar wuta guda ɗaya tsakanin maganaɗisu biyu ta narke, tartsatsin ya huda rumbun hiliyam. Ruwan hiliyam in ya koma iska yakan kumbura kusan ninki 700. Ƙarfinsa ya tumɓuke maganaɗisu daga mazauninsu, kimanin tan 6 ya zube cikin ramin. Sai da aka fitar da maganaɗisu 53, aka ƙara bawul masu sakin iska, injin bai sake tashi ba sai Nuwamba 2009.

To yaya ake gwada walda a can?

Da hiliyam ɗin kansa. A zuƙe iskar bututu, a fesa hiliyam a kan ɗinkin waldar, na'ura tana jira daga ciki. In ta shinshino shi, sai a yanke a sake.