Tsohon soja, ranar gwajin VA ba ranar ta maza ba ce

Wannan saƙo na 'yan'uwanmu ne da suka yi aikin soja a Amurka suka fito da rauni a jiki, da iyalan da ke jinyarsu.

Abin da ya fi damuna a aikina na jinya shi ne dauriya inda bai kamata ba. Mutum tabonsa na hana shi barci, likitan da hukumar tsofaffin sojoji ta VA ta turo ya danna wurin ya tambaye shi, sai ya ce, "Alhamdulillahi, da sauƙi." To, abin da ya faɗa shi za a rubuta, kuma da shi za a yanke masa kason diyya. Godiya ga Allah ba ta hana ka faɗin inda yake maka ciwo.

A ƙa'idar VA, tabo ɗaya ko biyu masu ciwo, ko waɗanda fatarsu ke yawan buɗewa, kashi 10 cikin 100 ne a ma'aunin nakasa da ake lissafa diyya da shi. Uku ko huɗu kashi 20, biyar zuwa sama kashi 30. Tsoka kuwa lissafinta daban: an kasa ta rukuni 23, kowanne da matakin rauninsa. Idan harsashi ya shiga ya ɓulle ta ɗaya gefen ya lalata tsoka, ba a sa raunin ƙasa da matsakaici. Mutane da yawa ba su san ana iya biyan tabo daban, tsoka daban ba, muddin kowanne da irin wahalar da yake jawowa. Zafin fata wani abu ne, saurin gajiya da rashin ƙarfin hannu wani abu ne.

Idan hukuncin bai yi maka ba, tun Fabrairun 2019 hanyoyi uku ne. Ka kawo sabuwar shaida da fom 20-0995, ko babban jami'i ya sake duba fayil ɗinka da fom 20-0996 (nan ba a karɓar sabuwar shaida), ko ka ɗaukaka ƙara gaban alƙalin hukumar da fom 10182.

Don Allah ka duba kwanan watan da ke kan wasiƙar hukuncin. Shekara ɗaya gare ka. In ta wuce, kana iya asarar kuɗin baya.

Uwargida, ke ma rubuta abin da kike gani da dare, ana karɓarsa a matsayin shaida. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW suna taimakawa da cike takardun, kyauta.