Waiwaye: Wa ke tace 'yan takara kafin sunansu ya iso gaban mai ƙuri'a?

Duk lokacin da aka ji wani zaɓaɓɓe ya shiga komar masu bincike, ko aka ga ɗan majalisar da ya cinye shekara huɗu bai ce uffan a zaure ba, sai tsohuwar gardama ta dawo a gidajen rediyo da majalisun shayi da Facebook. Wasu su ce laifin talaka ne, shi ya sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu da turmin atamfa. Wasu su ce dimokuraɗiyyar ce ba ta karɓe mu ba, musamman tun da sojoji suka karɓe mulki a Mali da Burkina Faso, sannan a Nijar cikin Yulin 2023. Ɓangarorin biyu sun ɗauka cewa mai ƙuri'a ne ke zaɓo mutum daga cikin jama'a. A dokar Najeriya kuwa, yana dangwala wa ɗaya ne daga cikin sunayen da wasu suka riga suka tsayar. Takardar ƙuri'ar ma ba ta ɗauke da sunan kowa, alamar jam'iyya kawai ke kanta.

Tace zaɓin jama'a ta hannun 'yan tsiraru ya girmi 'yancin kai. A zaɓen 1951 na Arewa hawa-hawa aka yi, daga ƙauye zuwa gunduma har zuwa lardi, kuma ƙa'idar zaɓen ta ba hukumomin En'e damar ƙara mutanensu kashi 10 cikin 100 a matakin ƙarshe. Jam'iyyar NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a Kano, amma ba ta samu kujera ko ɗaya a majalisar Arewa da ke Kaduna ba. Kundin tsarin mulki na 1979 ya zo da tsarin shugaba mai cikakken iko, ya kuma rufe ƙofar takarar kai da kai: sai da jam'iyya. A 1983, a shari'ar Onuoha da Okafor, Kotun Ƙoli ta ce tsayar da ɗan takara harkar cikin gida ce ta jam'iyya, ba hurumin kotu ba. Jamhuriya ta uku ta gwada jam'iyyu biyu na gwamnati, SDP da NRC, da fitar da gwani tun daga mazaɓa zuwa sama a 1993. Kundin 1999 ya gaji wannan duka, inda sashe na 221 ya hana kowace ƙungiya da ba jam'iyya ba nema wa ɗan takara ƙuri'a.

Sharaɗin ilimi, wanda ake yawan kafa hujja da shi, ya fi sauƙi fiye da yadda mutane ke zato. Sashe na 131 ya nemi mai neman shugabancin ƙasa ya yi karatu zuwa matakin shaidar sakandare ko makamancinta, haka gwamna, haka ɗan majalisa. Sai sashe na 318 ya fassara makamancin: shaidar malanta ta Grade II, ko kaiwa matakin sakandare, ko shaidar firamare aji shida haɗe da aikin shekara 10 da kwasa-kwasan da suka kai shekara ɗaya da iya karatu da rubutu da Turanci, ko kuma duk wata shaida da hukumar zaɓe ta gamsu da ita. Kundin 1979 bai ma sa sharaɗin karatu ba. Don haka rigingimun takardu da ke zuwa kotu galibi a kan jabu ne ko ƙarya a takardar rantsuwa, kuma ko an ɗaga sharaɗin zuwa digiri, digiri ba ya auna amana.

Inda aka yi babban juyi, wanda ba a cika waiwayarsa ba, tsakanin 2007 ne da 2010. Kundin 1999 ya zo da wani tanadi a sashe na 137 ga shugaban ƙasa, da 182 ga gwamna, da 66 da 107 ga 'yan majalisa. Tanadin ya ce duk wanda kwamitin bincike na shari'a ko kwamitin bincike na gwamnati ya samu da almubazzaranci ko zamba, gwamnati kuma ta amince da rahoton, to bai cancanci tsayawa ba. A takarda abin ya yi kyau, domin ba sai an jira shari'ar shekara da shekaru ba. Aibinsa yana cikin yadda aka tsara shi. Mai kafa kwamitin gwamnati ce, mai zaɓar mambobinsa gwamnati ce, mai amincewa da rahoton ita ce dai, alhali shugabanta ko ɗan gidansa na cikin masu neman kujera. Ba a fayyace tsawon lokacin da za a ba wanda ake zargi ya kare kansa ba, ba a kuma hana kafa kwamiti ana saura 'yan makonni zaɓe ba. Duk wanda ke kan mulki, a tarayya ko a jiha, na kirki ne ko akasin haka, yana riƙe da makamin da zai iya fitar da abokin hamayya daga fili ba tare da alƙali ya saurari shaida ko ɗaya ba.

Gabanin zaɓen 2007 maganar ta kai kotu. Ranar 16 ga Afrilu, kwana biyu bayan zaɓen gwamnoni, saura kwana biyar zaɓen shugaban ƙasa, Kotun Ƙoli ta yanke cewa hukumar zaɓe ba ta da ikon hana ɗan takara tsayawa, kotu ce kaɗai ke da wannan iko. Hukunce-hukuncen wannan shekarar sun kuma tsaya a kan cewa rahoton kwamiti ba hukuncin laifi ba ne, tunda sashe na 36 ya ɗauki kowa marar laifi har sai kotu ta same shi da shi. Ta fuskar shari'a da wuya a ga abin kushewa a nan. A 2010 gyaran farko na kundin ya share tanadin kwamitin gaba ɗaya, dokar zaɓe ta 2010 bayan an yi mata gyara ta ƙara da cewa hukumar zaɓe ba za ta ƙi karɓar ɗan takara ko ta hana shi tsayawa ba, kome dalili.

An cire rariyar da ke iya tace tsakuwa da tsaba yadda mai riƙe da ita ya ga dama, amma ba a sa wata a gurbinta ba. Abin da ya rage a kundin shi ne hukuncin kotu: wanda aka samu da laifin rashin gaskiya ko saɓa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata cikin shekara 10 kafin zaɓe ba zai tsaya ba. Wannan yana aiki ne kawai idan shari'a tana ƙarewa a kan lokaci. Akwai shari'un almundahana da aka fara a 2007, sai 2018 aka yanke musu hukuncin matakin farko, wato zaɓe biyu ya wuce ana kai da kawo. Hanyar jan ƙafar sananniya ce: lauya ya ƙalubalanci hurumin kotu, ya ɗaukaka ƙara a kan wannan ɗan batun, ya nemi a dakatar da sauraro har Kotun Ƙoli ta yi magana, idan aka dawo kuma alƙalin ya samu ƙarin girma ko ya yi ritaya, a faro daga farko. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi ƙoƙarin toshe wannan, ta hana dakatar da shari'a saboda ɗaukaka ƙara, ta ce a riƙa zama kullum, ta ƙayyade ɗage zama sau biyar ga kowane ɓangare. Sai dai wanda ya kai ga kujerar shugaban ƙasa ko gwamna ko mataimakansu, sashe na 308 ya sa masa rigar kariya, shari'arsa ta tsaya cik har ya sauka.

Da ma an ga giɓin tun a lokacin. Kwamitin gyaran zaɓe da tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais ya jagoranta, wanda aka kafa a Agustan 2007 ya miƙa rahoto a Disamban 2008, ya ba da shawarar a ba da damar takarar kai da kai, a kafa hukuma ta musamman mai hukunta laifukan zaɓe, a kafa wata mai rajista da sa ido a kan jam'iyyu. Waɗannan su ne za su maye gurbin abin da aka cire, ba tare da mayar da wuƙa da nama hannun gwamnati mai ci ba. Har aka yi zaɓen 2023 babu ko ɗaya cikin ukun da ya zama doka. Aikin tacewa ya koma kacokan hannun jam'iyya.

Ga yadda jam'iyyar ke tacewa. Dokar zaɓe ta 2022 ta ba da hanya uku: ƙato bayan ƙato, ko wakilai, ko maslaha, wadda ke buƙatar rubutacciyar amincewar duk masu neman kujerar. A 2022 manyan jam'iyyu sun fi bin hanyar wakilai, kuma yadda aka rubuta sashe na 84 ya bar zaɓaɓɓun daliget kaɗai, ban da masu riƙe da muƙamai da a da suke shiga kai tsaye. Wata jam'iyya ta ɗauki daliget ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma cikin 774 don fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa, wata ta ɗauki uku. Mutanen da ba su kai dubu huɗu ba, idan an haɗa su, suka tsayar da biyu daga cikin manyan sunayen da aka gabatar wa masu rajista sama da miliyan 93. A ƙasa lissafin ya fi ƙanƙanta. A ƙaddara mazaɓar majalisar jiha mai gunduma goma, daliget biyar-biyar: mutum 50 ke nan, wanda ya samu 26 ya gama. Mai kuɗi ba ya buƙatar shawo kan gari. Yakan fara daga taron gunduma inda ake fitar da daliget, kuma a nan aka fi ƙorafin cewa ba a yi taro ba, an rubuto sunaye ne daga sama. Daga nan sai a kwashe daliget zuwa masauki kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, don kada abokin takara ya kai gare su.

Kafin wannan ma akwai kuɗin fom. A 2022 fom na neman shugabancin ƙasa ya kai Naira miliyan 100 a wata jam'iyya, miliyan 40 a wata, a lokacin da mafi ƙarancin albashi ke Naira dubu 30. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya tara shi ba ci ba sha na sama da shekara 270 kafin ya sayi na farkon. Dokar ta kuma ɗaga iyakar kuɗin yaƙin neman zaɓe: shugaban ƙasa daga biliyan 1 zuwa biliyan 5, gwamna daga miliyan 200 zuwa biliyan 1, sanata daga miliyan 40 zuwa miliyan 100. Malamin makaranta ko likitan da garinsu ya yarda da shi, in ba shi da wannan ƙarfi, sai ya nemi ubangida, ubangida kuwa ba sadaka yake yi ba. Wani abin lura shi ne, dokar 2022 ta hana jam'iyya ƙaƙaba wa mai neman takara wani sharaɗin cancanta da ya wuce na kundin tsarin mulki. An yi hakan ne don hana zaluntar masu nema, amma ma'anarsa ita ce ko kwamitin tantancewa na jam'iyya ya so ya ƙi mutum saboda ƙaurin suna, doka ba ta tsaya masa ba.

Talaka yana da nasa kason, babu musu. A dokar 2022, sayar da ƙuri'a laifi ne mai tarar Naira dubu 500 ko ɗaurin wata 12 ko duka biyun, kuma ana yi a fili. Zaɓen sak, wato dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa, ya sha shigar da mutanen da ko unguwarsu ba za su ci ba in su kaɗai ne, shi ya sa masu cewa a yi shinkafa da wake, a duba cancanta kujera-kujera, suke da hujja. Amma wannan talakan ne ya kayar da shugaba mai ci a 2015, ya kuma sha kayar da gwamnoni da sanatoci idan an ba shi zaɓi na gaske. Idan ba a ba shi ba, yakan zauna a gida. Masu fita zaɓen shugaban ƙasa sun kai kusan kashi 69 cikin 100 a 2003, suka sauko kusan 44 a 2015, kusan 35 a 2019, kusan 27 a 2023. Wani lokaci ma ƙuri'ar da ya jefa matsalar fitar da gwani ce ke cinye ta, kamar yadda aka gani a Zamfara a Mayun 2019, inda Kotun Ƙoli ta ɗauki ƙuri'un jam'iyyar da ke kan gaba a matsayin asara, kujerun suka koma hannun waɗanda suka zo na biyu.

To idan mai ƙuri'a ya gano ɗan takara ya yi ƙarya tun kafin zaɓe fa? A ƙarƙashin dokar 2022 jam'iyya na miƙa sunaye kwana 180 kafin zaɓe, hukumar zaɓe ta liƙa bayanan kowane ɗan takara a mazaɓarsa cikin kwana bakwai da karɓa. Dokar 2010 ta bar kowa ya kai ƙara idan ya ga ƙarya a takardar rantsuwar. Dokar 2022 ta taƙaita wannan dama ga wanda ya shiga zaɓen fitar da gwanin jam'iyyar kaɗai, a Babbar Kotun Tarayya, kundin kuma ya ba da kwana 14 kacal a shigar da ƙarar. Wanda ya sha kaye, idan aka rarrashe shi da alkawarin muƙami, ƙarar ta mutu. Bayan an rantsar, abin da ya rage shi ne kiranye, wanda ya shafi 'yan majalisa kawai: sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A inda kashi 27 ke fita ranar zaɓe, ana neman sa hannun sama da kashi 50, kuma tun 1999 babu ɗan majalisar tarayya ko ɗaya da ya bar kujerarsa ta wannan hanya.