Lambar Yabo ta Emmy

Emmy lambar yabo ce da ake bai wa shirye-shiryen talabijin da masu aikinsu a ƙasar Amurka, shekara-shekara tun 1949. Matsayinta a harkar talabijin kamar na Oscar ne a fina-finan silima, ko na Grammy a waƙa. Bukukuwan da ke ɗauke da wannan suna suna da yawa, amma idan aka ce Emmy aka yi shiru, ana nufin wanda ake yi a Los Angeles, galibi cikin watan Satumba, domin shirye-shiryen dare, wato na lokacin da aka fi samun masu kallo.

Asali

Wani mai suna Syd Cassyd ne ya kafa ƙungiyar ma'aikatan talabijin da ke ba da lambar, a Los Angeles cikin 1946, lokacin da gidajen da ke da akwatin talabijin ba su taka kara sun karya ba. An yi bikin farko ranar 25 ga Janairu, 1949, a Hollywood Athletic Club, aka raba lambobi shida kacal, kuma shirye-shiryen yankin Los Angeles kaɗai aka duba. Wadda ta fara karɓa ita ce Shirley Dinsdale, mai wasa da 'yar tsana, wadda kan yi magana ba tare da motsa leɓe ba har a ɗauka 'yar tsanar ce ke zance.

Sunan ma daga wajen injiniyoyi ya fito. Da fari an ba da shawarar Ike, amma aka ga ya yi daidai da laƙabin Janar Eisenhower. Sai aka koma ga Immy, sunan da masu aiki ke kiran wani bututu da ke cikin kyamarorin wancan zamani, daga baya aka mayar da shi Emmy domin ya dace da siffar mace. Louis McManus, shi ma injiniya, shi ya zana mutum-mutumin, ya kwaikwayi surar matarsa: mace mai fukafukai ta ɗaga ƙwayar zarra sama da hannu biyu. Fukafukan na nuni da fasaha, zarrar kuma kimiyya. Tsawonsa kusan santimita 39 ne, nauyinsa kimanin kilo 3, an shafe shi da ruwan zinare.

A 1955 aka fara nuna bikin ga ƙasa baki ɗaya, a shekarar kuma aka kafa wata ƙungiya a New York. Tafiyar ɓangarorin biyu ba ta yi daɗi ba, har suka raba gari a 1977. Los Angeles ta riƙe shirye-shiryen dare, New York ta ɗauki na rana da labarai da wasanni. Akwai kuma ƙungiya ta uku mai kula da shirye-shiryen ƙasashen waje.

Yadda ake zaɓe

Masu kallo ba su da ƙuri'a a Emmy. 'Yan ƙungiyar ne ke zaɓe, su fiye da 20,000, kuma kowa a fagensa: 'yan wasa su zaɓi 'yan wasa, daraktoci su zaɓi daraktoci, marubuta su zaɓi marubuta, sannan kowa ya sa baki a kan gwarzon shiri. Shekarar gasar na farawa ne daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Mayu. Ana sanar da sunayen 'yan takara a Yuli, a yi zagaye na biyu a Agusta. Lambobin masu ɗaukar hoto da tace shi, da masu sauti, sutura da kwalliya, ana raba su ne a wani zama na daban kafin babban daren, wanda tashoshin ABC, CBS, NBC da Fox ke karɓa-karɓa wajen nunawa.

Darajar lambar daga nan take, domin yabon wanda ya san wahalar aiki ya fi tafin ɗan kallo nauyi. Rauninta ma daga nan yake. Shirye-shirye sun yi yawan da babu mai zaɓen da zai iya kallonsu duka, don haka kamfanin da ya fi zuba kuɗi a talla shi aka fi tunawa da shi, kuma wanda ya ci bara yakan sake ci bana. Misalin da aka fi kawowa shi ne The Wire, da aka nuna daga 2002 zuwa 2008, wanda masu sharhi da dama ke sawa a sahun gaba na duk abin da talabijin ta taɓa yi. Sau biyu kawai aka sa shi takara, duka a fannin rubutu, bai kuma ci ko ɗaya ba. Wannan abin takaici ne ƙwarai.

Shekarun tsaiko

A 2001 sau biyu ana ɗage bikin, na farko saboda harin 11 ga Satumba, na biyu saboda fara kai hari Afghanistan, sai a Nuwamba aka yi shi. A 2020 annobar korona ta sa 'yan takara suka halarta daga gidajensu ta kyamara. Na 2023 kuwa yajin aikin marubuta da 'yan wasa ya tura shi zuwa Janairun 2024, shi ya sa aka yi biki biyu a wannan shekarar.

Buɗe ƙofa

Wanda ya bi tarihin Emmy zai ga tambaya ɗaya na ta dawowa: me ake kira talabijin, kuma wa aka yarda ya shigo? Shekaru kusan arba'in fagen na hannun manyan tashoshin da ake kamawa kyauta. Sai a 1988 aka bai wa tashoshin kebul, na masu biyan kuɗi, damar shiga, kuma sai da aka ƙara shekara 16 kafin wani shirinsu, The Sopranos na HBO, ya zama gwarzon wasan kwaikwayo, wato rukunin da ba na barkwanci ba, a 2004. Na intanet ba su jira haka ba. House of Cards na Netflix ya shiga manyan rukunai a 2013, bayan shekara huɗu The Handmaid's Tale na Hulu ya ɗauki babbar lambar.

Ta fuskar mutane jinkirin ya fi tsawo. Sai a 2015 aka samu baƙar fata mace ta farko, Viola Davis, da ta ci lambar babbar jaruma a wasan kwaikwayo, shekara 66 bayan bikin farko. A wannan daren Uzo Aduba, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta karɓi lambarta ta biyu a kan rawa ɗaya da ta taka, a 2014 a rukunin barkwanci, a 2015 a na wasan kwaikwayo.

Katangar harshe ce ta zo ƙarshe. A 2022 Lee Jung-jae na Koriya ta Kudu ya zama gwarzon jarumi da shirin Squid Game, wanda aka yi da harshen Koriya. A Satumban 2024 Shōgun, da mafi yawan maganganunsa da Japananci ne, ya zama shiri na farko da ba na Turanci ba da ya ci gwarzon wasan kwaikwayo. Ya tashi da lambobi 18 a zango ɗaya, ciki har da na jaruminsa Hiroyuki Sanada da jarumarsa Anna Sawai, adadin da babu shirin da ya taɓa kaiwa kafinsa.